Katin da Bai Ƙone Ba

Ni mai walda ne. Shekara ashirin da bakwai ina haɗa ƙarfe da ƙarfe: ƙyaure, taga, gado, tankin ruwa. Karatuna aji uku ne na firamare, daga nan mahaifina ya ce ya isa, ya kai ni wajen ogan da ya koya min aiki. Ina karanta Hausa in an rubuta ta da manyan baƙaƙe, ina bi da yatsa. Turanci kuwa sai wanda ke jikin kwalin sandar walda, shi ma lamba kawai nake dubawa.

Matata malamar sakandare ce, tana koyar da ilimin tsirrai da dabbobi. Da na aure ta sakandare kawai ta gama. A gidana ta yi kwaleji, a gidana ta yi digiri, da goyo a bayanta. Ni nake kai ta a babur, ni nake ɗauko ta. Ba gori nake yi ba, ina faɗa ne don a san inda aka fito. Malama nake ce mata. Ita kuma Injiniya take ce min tun muna sabon aure. Da tsokana aka fara, ya zo ya zama suna.

Bara ta zo min da magana. Wata jami'a a ƙasar waje za ta ɗauki nauyin malamai su yi digiri na biyu, shekara biyu. Amma sai mutum ya ci wata jarrabawa tukuna, kuma ba sa ɗaukar wanda ya haura arba'in. Ita kuma a shekarar take cika arba'in. Ke nan ko bana, ko a manta.

"Lissafin bai dame ni ba," ta ce. "Turancin ne."

"Ke da kike koyarwa da shi kullum?"

"Wannan daban ne. Wasu kalmomi ne da ko masu harshen ba sa faɗinsu a gidajensu. Sai na haddace kamar dubu."

"To in masu abu ba sa amfani da abinsu, ke me za ki yi da shi?"

"In ci jarrabawa mana, Injiniya."

Na ce to, Allah ya ba da sa'a. Ni maganata ba ta da yawa.

Ta sayo farin kwali ta yayyanka ƙanana, kowanne bai kai tafin hannu ba. Gaba ta rubuta kalmar Turanci, baya ma'anarta. Kafin mako biyu gida ya cika da kati. Kan gado kati, gefen murhu kati, har cikin aljihun rigata na taɓa tsintar ɗaya. Ranar da guda shida suka faɗa bokitin wanki ta zauna tana shanya su ɗaya ɗaya kamar mai jinyar tsuntsu, sai na ce wannan ba tsari ba ne. Na ɗauki ragowar ƙarfen ƙyaure, marar kauri, na yi mata akwati mai murfi. Na raba cikinsa uku yadda ta ce: waɗanda ta sani, waɗanda take rabin sani, da waɗanda suka ƙi zama. Can baya wani siririn gurbi ya rage, na ce in toshe, ta ce in bar mata, akwai abin da za ta riƙa ajiyewa. Ban tambaye ta ko mene ne ba. Na shafa masa koren fenti. Ta ɗora shi a kan teburin ɗaki tana kallo kamar an ba ta mota.

Daga nan na zama ɗan aikinta. In na dawo da yamma na wanke hannu, sai mu zauna a tabarma a bakin ƙofar ɗaki. Na ɗaga kati, fuskar Turancin tana kallonta, bayan yana kallona. Saboda ni ta koma rubuta ma'anar da Hausa, da manyan baƙaƙe. Ta faɗi kalmar, ta faɗi ma'ana, ni kuma in duba.

"Mai taurin kai," ta ce.

"Nan an rubuta mai kafiya."

"Ai ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Da ɗaya ne da ba a yi su biyu ba. Koma gidan rabin sani."

"Wallahi ka fi masu jarrabawar mugunta."

Wasu katunan ba ma'ana a bayansu, sai mutum. Ta ce kalmar da ta ƙi zama, in ta ɗaura ta a wuyan wani da ta sani, sai ta zauna. Na ɗaga wani, baya an rubuta Mai gidan haya. Ta ce marowaci. Wani kuma Matar mai shago. Ta ce mai surutun da ba ya ƙarewa. Shugaban makarantarsu ya samu tasa, mai lanƙwasa wa na sama yana taka na ƙasa. Ranar da na ga an rubuta Yaya Babba, wato yayata, na dube ta.

"Wannan fa?"

Ta sunkuyar da kai tana danne dariya. "Mai neman faɗa ko da inuwarta."

"Kalmar ba ta yi ƙarya ba," na ce. Muka yi dariya har maƙwabta suka ji.

Abu ɗaya na lura da shi: duk katin da ke da mutum a baya, aibu ne. Ba ta taɓa ɗaura wa kowa kalmar yabo ba. Wata rana na ce mata, "Ni fa, ina tawa?"

"Kai Turanci bai kai gare ka ba," ta ce, ta kawar da kai ta shiga gyara katunan da ba su buƙatar gyara.

A shagona akwai benci a ƙarƙashin rumfa. Mutum biyu ne suka mallake shi ba tare da sun saya ba. Ɗaya Akawu, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya ya rasa inda zai kai bakinsa. Ɗayan Mai fenti, wanda shagonsa ke jikin nawa. Tun da labarin tafiyar ya fita suka samu abin taunawa.

"Shekara biyu," in ji Mai fenti. "Kai ne uwa, kai ne uba, kai ne mai wanke tukunya. In saya maka zane?"

"Bar shi," in ji Akawu. "In ta dawo da digiri biyu sai ya riƙa neman izini a rubuce kafin ya shiga ɗaki."

Kunnen da ya saba da ƙarar injin yankan ƙarfe ba ya jin kukan sauro. Haka nake gaya wa kaina.

Jarrabawa ranar Asabar ce. Ranar Talata da safe Malama ta makara, ta fita a guje ta bar ƙamus ɗinta a tabarma. Na ɗauka zan ɗora a tebur, sai wani kati ya zamo daga ciki ya faɗo. Ban taɓa ganinsa ba. Gefensa ya yi laushi, alamar hannu ya sha taɓa shi. Kalmar tana da wannan harafin da babu shi a karatunmu, mai kama da sanda biyu da aka gicciya. Na juya baya. Injiniya. Shi ke nan, ba ƙari.

Na tsaya da kati a hannu. Mai gidan haya, Matar mai shago, Yaya Babba, duk a akwati suke, a gabana ake yanka su. Nawa ne kaɗai aka ɓoye. Na sa shi a aljihu na hau babur.

Na iske Akawu a benci. Na miƙa masa, na danne bayan da babban yatsa.

"Duba min wannan."

"Yau kuma kai ne da karatu?" Ya fizge katin, ya saka tabarau, ya shiga danna wayarsa harafi harafi. Ya karanta. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya sake karantawa. Sai dariya ta kama shi har da tari.

"Mene ne?"

"Mijin-ta-ce."

"Karanta da kyau."

"Ga shi nan a rubuce. Namijin da ya miƙa wa matarsa wuya har ya wuce misali. Su sun ja zance, Hausa ta taƙaita. Mijin-ta-ce." Kafin in karɓe ya juya katin. "Injiniya? Wane injiniya kuke da shi a gida?"

Mai fenti ya leƙo da burushi a hannu. "Ai shi ne. Haka take kiransa, na taɓa ji a waya."

"Ikon Allah," in ji Akawu yana share ido. "Ashe har Turawa sun san da zamanka. Sun raɗa maka suna tun ba a haife ka ba."

"Kuma da shi za a ci jarrabawa," in ji Mai fenti. "Ka ga ka yi amfani."

Na karɓi katina na mayar aljihu. Na koma kan tagar da nake haɗawa, na lalata kusurwa biyu. Maganar waje ba ta taɓa shiga jikina ba, don na ɗauka a cikin gida an san ko ni wane ne. Wata uku ina zaune a tabarma kamar ɗan aji ɗaya, ina bin baƙi da yatsa, ana yi min dariyar da na zaci tare muke yi.

Da rana ta take, su biyun suka tafi cin abinci. Na hau babur na je gida, ba kowa, yara suna makaranta. Na ɗauko akwatin na ɗaure a baya na dawo shago.

Abin da na yi niyya kaɗan ne. Ɗigon walda huɗu, ɗaya a kowace kusurwar akwatin, murfi ya ƙi buɗuwa. Ta dawo ta gani, ta zo ta same ni, ta tsaya a gabana ta ce in buɗe, ni kuma in ce sai ta fassara min katin da bakinta. In ya so a gani wa ke cewa, wa ke yi. Ɗigo huɗu da guduma ɗaya ake ɓalle su.

Na saka tabarau ɗin walda na kunna inji. Na yi ɗigo na farko. Hannuna bai tsaya ba. Na ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, na juya akwatin na ja, na sake juyawa, har na zagaye murfin kaf, kamar tankin da ba a so ya yi yoyo. Ni na yanka ƙarfen nan, na san kaurinsa. Yaron da ya yi wata ɗaya a aikin nan ya san abin da wuta take yi wa abin da ke bayan ƙarfe marar kauri. Koren fentin ya tafasa ya yi baƙi. Na ji wani ƙauri, na ce na fenti ne.

Da ya huce na mayar da shi gida na ajiye a mazauninsa, na zauna a bakin gado ina jira.

Ta shigo da sallama, ta ajiye jaka, ta nufi tebur kamar kullum. Ta ja murfi.

"Injiniya, murfin ya ƙi." Sai ta ga baƙin layin. Ta bi shi da yatsa har ya zagayo. Ta juyo.

Na fito da katin na ajiye a kan gado. "Fassara min wannan tukuna."

Ko kallon katin ba ta yi ba.

"Fasfo ɗina yana ciki," ta ce. "Da takardar shiga jarrabawa."

Muryarta ba ta tashi ba. Da ta yi ihu da ya fi min sauƙi.

A bayana ta hau babur, akwatin a cinyarta. Muka iske Akawu da Mai fenti sun dawo benci. Akawu ya buɗe baki zai yi gaisuwar tsokana, ya ga fuskarta, ya ga akwatin, ya matsa ya ba ta wuri. Ba ta zauna ba. Ban yi amfani da inji ba, don tartsatsinsa zai ƙarasa abin da ya rage. Zarton ƙarfe na ɗauka na yanka da hannu. Kusan awa ɗaya ina yanka. Mai fenti ya tuna yana da aiki a ciki.

Da murfin ya ɗagu, katunan gefe duk sun yi ja sun bushe, kana taɓawa suna rugujewa. Na tsakiya sun tsira. Ta zura yatsu biyu a siririn gurbin nan na baya, wanda ke manne da bangon akwatin, daidai inda na fi daɗewa da wuta. Takardar shiga ta zama toka. Fasfon bangonsa ya nannaɗe. Ta buɗe shafin hoto. Ledar da ke kai ta narke ta tattare, rabin sunanta ya tafi, fuskarta ta zama wani baƙin tabo mai kunne ɗaya.

"Katunan ba komai," ta ce, kamar da kanta take magana. "Suna kaina. Takardar ma ana sake bugawa."

Ta rufe fasfon ta sa a jaka.

Laraba muka je ofishin fasfo. Muka yi layi tun safe har azahar. Ma'aikacin da muka samu ya juya fasfon gaba da baya ya ce wannan sai sabo, kuma sabo ba ya fitowa ƙasa da mako uku, ko wa ka sani. Ya ce garin yaya. Ta ce wuta ce. Ni ina tsaye a bayanta da hannuna a aljihu. Alhamis ta kira masu jarrabawa. Suka ce ba fasfo mai kyau ba shiga, ba sa karɓar wani kati. Zama na gaba sai bayan wata biyu, jami'ar kuma ƙarshen watan nan take rufe karɓa. Ta rubuta wa jami'ar. Suka amsa Juma'a, da ladabi, suka ce ba sa ɗaga wa kowa.

Duk da haka Asabar ta shirya. Ta sa rigar da ta ware tun wata guda, ta ɗauki ƙonannen fasfon da katin shaidar aikinta da sabuwar takardar shiga. Na kai ta. Gini ne mai hawa uku, da ƙofar gilashi. Yara matasa sun yi layi, kowa da 'yar takardarsa yana motsa baki, ana bitar ƙarshe. Ita ce babba a cikinsu. Na tsaya a tsallaken titi ina kallo ta gilashi. Matar da ke kan tebur ta karɓi fasfon, ta duba, ta kira wani, shi ma ya duba. Suka yi magana a hankali. Matar ta miƙo mata da hannu biyu.

Minti goma ba ta yi ba ta fito. Ta tsallako ta tsaya a gefen babur, ba ta hau ba.

Ni mutum ne da ba ya iya yin shiru a inda ya kamata. Na ce, "Ke ma da laifinki. Me ya kai ki rubuta ni a bayan zagi?"

"Wa ya karanta maka?"

"Akawu."

"Ya ce me?"

"Mijin-ta-ce."

Ta daɗe tana kallon ƙofar gilashin. An riga an rufe ta.

"Ya tsallake kalma ɗaya," ta ce. "Namijin da son matarsa ya yi masa yawa, har mutane suna ganin abin ya wuce misali. So ne a ciki, shi ya tsallake. Su a wajensu aibu ne, na sani. Ni da na gan ta sai na tuna ranar da ka tsaya awa uku cikin ruwan sama a ƙofar kwaleji, ka ƙi shiga rumfa don kada in fito ban gan ka ba. Sau ɗaya na karanta ta zauna."

"To me ya sa kika ɓoye?"

"Kai ke riƙe katin. Ta yaya zan kalli idonka in faɗi wannan? Shekara ashirin ban faɗa ba, sai a tabarma yara suna ji?"

Na ce, "Da kin gaya min."

"Da ka tambaye ni. Ƙofa nawa ce tsakanina da kai?" Ta gyara mayafinta. "Da mijin-ta-ce ne kai, ai da yanzu ina ciki ina rubutu."

Na fito da katin na miƙa mata. Wuta ba ta ko lashe shi ba, don yana aljihuna lokacin da nake walda. Ta dube shi, ba ta karɓa ba.

"Riƙe abinka. Na haddace ta, kuma ba wanda zai tambaye ni."

Ta hau babur. Ta riƙe ƙarfen baya maimakon kafaɗata.

Ba ta yi yaji ba, ba ta kai ƙarata wajen kowa ba. Ko Yaya Babba, da ke shinshino rigima tun daga nesa, wuta aka ce mata, ta yarda. Malama tana zuwa makarantarta, tana dawowa, tana girki, muna gaisawa. Sabon fasfo ya fito bayan mako huɗu, yana cikin durowa ba a taɓa buga masa hatimi ba. A watan da ya biyo ta cika arba'in. Katunan da suka tsira ta ba wata ɗalibarta ta da, wadda ke shirin irin wannan jarrabawar. Na yi mata sabon akwati da ƙarfe mai kauri, ya fi na farko kyau. Ta ce an gode. Ashana da kyandir take ajiyewa a ciki.

Baban yara take ce min yanzu, kamar yadda kowace mace ke ce wa kowane miji.

Akawu har yau yana zama a bencina. Sau ɗaya ya fara cewa shi fa abin da ya gani ya karanta, na ce masa ya bar maganar. Ban kore shi ba. Ba shi ya kunna inji ba.

Katin yana aljihun rigar aikina, ya yi baƙi da man hannu. Na iya rubuta kalmar yanzu, harafi takwas, ita kaɗai ce Turancin da na sani. Shekaranjiya ina durƙushe ina haɗa ƙafar tanki, wani mai gini ya tsaya a bayana ya ce, "Injiniya, ƙyaurena fa?" Na waiwayo da saurin da har tabarau ya faɗi ya tsage. Na ce masa ni mai walda ne, ya dawo jibi.